NORFOLK: RAMIN DA MACIJIN KE FITOWA

Masu murnar korar sojan Amurka daga Agadas a 2024 sun yi daidai, amma kada su ɗauka magana ta ƙare. An dai sare reshe ne, saiwar tana can Norfolk, a jihar Bajiniya.

Wannan sansani da aka kafa a 1917 shi ne sansanin sojan ruwa mafi girma a duniya. Nan ne masaukin manyan jiragen ruwa masu dakon jiragen yaƙi. Mutumin Wudil da ya saba ganin kwale-kwale a bakin gada zai yi mamaki: jirgi ɗaya tsawonsa ya haura mita 300, da makamashin nukiliya yake tafiya, yana iya ɗaukar jiragen sama sama da 60. Filin jirgi ne mai yawo a kan teku, ba ya neman izinin kowace gwamnati.

Daga Norfolk jirgin Gerald Ford ya fito, aka girke shi gabashin Bahar Rum a Oktoban 2023 don kare Isra'ila, alhali ana ruwan bama-bamai a Gaza. Daga can kuma Eisenhower ya taso, jiragensa suka kai wa Yaman hari a Janairun 2024.

To, wa ya ce Tekun Gini ya fi Bahar Maliya nisa? Masu kwaɗayin a bai wa ma'abota girman kai masauki a ƙasar nan su yi hattara. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya isar wa raunana.