Taɓon Kachalla da Kifin Haɗeja

Duk wanda ya taɓa cusa ƙafa cikin baƙin taɓon da ke ƙarƙashin kachalla a fadamar Haɗeja ya san warinsa, kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Da shi na girma. Aikin wasu ƙwayoyin halitta ne masu zama inda iska ba ta shiga, kuma wasunsu na da sana'ar da ke hana ni sukuni.

A 2013 masana a Amurka suka gano makamin aikinsu, wani furotin mai suna HgcA. Yana riƙe da ƙwayar kobal irin ta tsakiyar bitamin B12. A kanta yake ɗauko metil, wato kabon ɗaya da haidirojin uku, ya liƙa wa zaiba. Daga nan zaibar da ke kwance cikin laka sai ta shige naman kifi ta zauna. Tarwaɗa ta haɗiye ƙananan kifi, mu kuma mu saye ta a kasuwa. Suya ba ta fitar da gubar, banda ma haka. Mai ciki na fi ji wa tsoro, domin gubar na ratsa mabiyiya ta taɓa ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Mutanen Minamata a Japan sun ɗanɗana wannan tun 1956.

Ruwanmu ta Kano yake biyowa, kogin Challawa na ratsa gefen masana'antu, man bilicin mai zaiba kuwa a kwata yake ƙarewa. Ban ce a daina cin kifi ba. Ina roƙon gwamnatin Jigawa da Jami'ar Tarayya ta Dutse su riƙa auna kifin Haɗeja duk shekara, su faɗa mana sakamakon da Hausa a rediyo.