Musayar Mota da Ciko: In Aibi Ya Bayyana, Ina Mafita?

Ya 'yan'uwa, a duk kaka manoma da direbobin haya na Rano da Kibiya sukan shiga birnin Kano wajen dillalan mota. Mutum ya ba da tsohuwar Golf ɗinsa, ya yi ciko, ya karɓi Sharon. Bayan sati biyu giya ta ƙi shiga. Ya koma, dillali ya ce ciniki ya faɗa, ita kuwa Golf tuni an sayar da ita.

A ganina, tushen rigimar shi ne ciniki biyu ne aka cure wuri guda ba tare da an yanka wa kowace mota kuɗinta ba. Ciko kawai ake ambata, shi ya sa ranar warware ciniki ba wanda ya san abin da zai mayar.

Malaman Malikiyya sun daɗe da warware wannan a babin zaɓi saboda aibi, kamar yadda yake a Risalar Ibn Abi Zaid. Wanda ya tarar da tsohon aibi da ba a nuna masa ba, yana da zaɓi: ya riƙe hajar a yadda take, ko ya mayar ya karɓi abinsa. Idan kuma wani babban lahani ya auku a hannunsa, to ko ya riƙe a biya shi ragin tsohon aibin, ko ya mayar ya biya na sabon. In motarsa ta riga ta fita daga hannun dillali, ƙimarta ake komawa gare ta. Amma hukuncin kaifi biyu gare shi: wanda ya kai Golf mai shan baƙin mai ya yi shiru, shi ma ya yi algus.

Don haka shawarata, da zarar ka ga aibin ka ajiye motar, domin ci gaba da lodi da ita alamar yarda ce. Ku samo bakanike amintacce da ku biyun kuka aminta da shi, ya tantance ko lahanin ya girmi cinikin. Sannan ku zauna gaban shaidu da shugabannin dillalai. In abin ya faskara, akwai Hukumar Hisba, wadda dokar Jihar Kano ta kafa a 2003, tana yin sulhu. Bayanta sai kotun shari'a. Kai ƙara wurin 'yan sanda kan bashin ciniki ba ya gyara giya, sai dai ya ɓata zumunci.

Mafi alheri dai shi ne rigakafi. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki. A rubuta kuɗin kowace mota, lambar shasi, da aibin da aka sani.

Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin juna. Wallahu a'alam.