A Shimfiɗa Bututu Kafin A Kashe Murhun Kwal

Maganar mayar da tashoshin lantarki na masana'antu daga ƙona kwal zuwa ƙona iskar gas magana ce mai kyau, kuma babu mai hankalin da zai ƙi ta. Gas ba ya barin toka, hayaƙinsa ba ya ɗauke da farar wuta irin ta kwal, kana iskar da yake fitarwa mai ɗumama duniya wajen rabin ta kwal ce kawai. Aikin ma bai fi ƙarfin injiniyoyi ba. Ana sauya bakin wutar tukunyar tururi, ko a kafa sabuwar tukunya, injin da ke ba da lantarki kuwa ya ci gaba da juyawa.

A Amurka an yi nisa a wannan hanya. Tsakanin 2011 da 2019 tashoshin kwal fiye da 100 aka mayar da su na gas ko aka musanya su da na gas. A 2018 ita ma tashar da ke ba harabar masana'antun Kodak wuta da tururi a birnin Rochester ta yi ban kwana da kwal.

To, amma abin da ya sa suka ci nasara shi ne gas yana isowa ƙofar masana'anta dare da rana. Kwal ana jibge shi a fili har na watanni. Shi kuwa gas, ranar da bututu ya tsaya, ranar wuta ke mutuwa.

Nijeriya ta ɗanɗana wannan. Allah ya hore wa ƙasar gas mai ɗimbin yawa, amma da aka yi ta fasa bututu a yankin Neja Dalta a 2016, sai lantarki ya ragu ƙwarai, har kamfanin simintin Dangote ya ƙara dogara da kwal wajen gasa simintinsa a Obajana. Watau ƙasa mai arzikin gas ta koma ga kwal, ba don so ba, sai don tilas.

Saboda haka wajibi ne gwamnatin tarayya ta bi abin daki-daki. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, shi ne ginshiƙin duk wani shiri na masana'antun Arewa. Sai gas ya gudana cikinsa ba yankewa, an kuma tsare shi daga ɓarayi, sannan a ce wa mai masana'anta ya rufe rumbun kwal. Kafin nan, a bar tukunya mai iya cin kwal da gas duka biyu.

Kada kuma a mance da leburorin da ke haƙar kwal a wurare irin su Maiganga ta Jihar Gombe. Su ma suna da iyali. A koya musu wata sana'ar tun da sauran lokaci, domin ba a fafe gora ranar tafiya.