Mawaƙi Ya Ba da Hayar Waƙarsa, Kada Ya Sayar

A watan Mayun 2018 masu sauraron waƙoƙin Legas suka wayi gari suka ga Kiss Daniel ya koma Kizz Daniel. Shari'a ce ta sa ya sauya haruffan. Tun a 2013, lokacin da ba a san shi ba, ya sa hannu a kwantiragi da kamfanin G-Worldwide, kuma a ƙarƙashinsa ya saki "Woju", waƙar da ta fito da shi. Da ya sanar a ƙarshen 2017 cewa zai tafi ya kafa nasa kamfanin, sai G-Worldwide ya garzaya Babbar Kotun Tarayya a Legas, yana cewa wa'adin shekara 7 bai cika ba, kuma waƙoƙin da sunan da yake amfani da shi duk na kamfani ne.

Duk matashin da waƙarsa ta fara zagaya gari, ko a Kano yake ko a Kaduna ko a Maraɗi, wata rana wani zai zo masa da takarda da alƙalami. Abokai za su rabu biyu. Wasu su ce ya sa hannu, arziki ne ya ƙwanƙwasa ƙofa, wasu su ce ya ci gashin kansa, kamfani bauta ce. Abin da ya kamata ya fara tambaya kafin duk wannan gardama shi ne: idan an naɗi waƙar, ta wa ce, kuma har zuwa yaushe?

Kwantiragin da aka saba gani yana da sauƙin fahimta idan aka warware shi. Kamfani zai ba mawaƙi kuɗin kafin alƙalami, ya biya situdiyo da furodusa da bidiyo da talla. A madadin haka, ainihin faifan da aka naɗa ya zama nasa, mawaƙi kuma a yanka masa kaso daga abin da waƙar ta kawo, galibi tsakanin kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari. Inda mutane ke ruɗewa shi ne, kuɗin nan na farko bashi ne, kuma daga ɗan kason mawaƙin ake cire shi. A ɗauka an kashe wa yaro naira miliyan 20, kasonsa kuma kashi 20 ne. Sai waƙar ta kawo miliyan 100 kafin a ce ya gama biya, alhali kamfani ya riga ya sa miliyan 80 a aljihu. Bayan ya gama biyan ma, faifan yana nan a hannun kamfani. Akwai kuma irin kwantiragin da ke ba kamfani kaso a komai, daga kuɗin wasa a dandali har zuwa na tallar kayan wasu kamfanoni.

Wanda yake ganin wannan matsalar ƙananan mawaƙa ce ya dubi Taylor Swift a Amurka. Tana da shekara 15 ta shiga kamfanin Big Machine a 2005, ta yi masa kundi 6. A 2019 aka sayar da kamfanin ga Scooter Braun a kan kusan dala miliyan 300, faya-fayenta na ciki, kuma ta fito ta ce ba da yardarta ba. Shekara guda bayan nan aka sake sayar da su ga wani kamfanin zuba jari, Shamrock Capital. Abin da ya cece ta shi ne ita ce marubuciyar waƙoƙinta, don haka ta koma situdiyo ta sake rera kundi 4 daga farko, ta roƙi masoyanta su riƙa sauraron sababbin. Sai a watan Mayun 2025 ta iya saye tsofaffin da kuɗinta. Shekara 20 ke nan tsakanin sa hannu da dawowar kaya hannun mai su, ga mawaƙiyar da ke cika filayen ƙwallo a duk ƙasar da ta sauka. Kafin ta, Prince ya sha yawo da kalmar bawa a rubuce a kumatunsa saboda rikicinsa da Warner, kuma sai a 2014 faya-fayensa suka dawo masa.

Duk da haka, zalunci ne a ce kamfani ba ya tsinana komai. A ƙarshen 2019 Don Jazzy ya ga wata yarinya tana rera waƙa a Instagram, kamfaninsa Mavin ya ɗauke ta, ya horar da ita kusan shekara guda kafin a sake ta a Janairun 2021 da sunan Ayra Starr. Rema ma ɗan gidan ne. Waƙarsa "Calm Down", bayan an sake yin ta da Selena Gomez, ta kai mataki na 3 a jadawalin Billboard na Amurka a 2023, aka kuma saurare ta fiye da sau biliyan 1 a Spotify. Yaro ɗan birnin Benin kamar Rema da wayarsa kaɗai ba zai iya kai waƙa gidajen rediyon Amurka ba, ba kuma zai iya zama da manajan Selena Gomez ba. Wannan aikin na mutane ne masu kuɗi da hanya da lauyoyi. Shi ya sa a Fabrairun 2024 Universal, babba a cikin manyan kamfanoni uku na duniya tare da Sony da Warner, ya sanar da sayen mafi yawan hannun jarin Mavin.

Cin gashin kai ma yana da nasa nauyin. Gaskiya ne yau da 'yan daloli kaɗan a shekara mawaƙi zai ɗora waƙarsa a Spotify da Apple Music da Boomplay ta hannun dillalai irin su DistroKid ko TuneCore. Amma kusan sababbin waƙoƙi 100,000 ake ɗorawa a kullum, kuma tun 2024 Spotify ya daina biyan ko sisi a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba. Kamfanin ya ce mawaƙan Najeriya sun samar da sama da naira biliyan 58 a dandalinsa a 2024, sai dai kuɗin hannun masu haƙƙin mallaka suke fara shiga, kuma mai haƙƙin ba lallai ne shi ne mai muryar ba. Ana yawan kafa hujja da Chance the Rapper, wanda ya ci kyautar Grammy 3 a 2017 ba tare da kamfani ba. Shi da bakinsa ya faɗa cewa Apple ya ba shi dala 500,000 don kundinsa ya yi mako biyu a dandalinsu kaɗai, ga manaja da ma'aikata a bayansa. Mai cin gashin kansa kamfani ne shi ma, ƙarami, kuma shi zai biya kowa.

A ƙasar Hausa wannan zaɓi tsoho ne, ya girmi faifan garmaho. Ibrahim Narambaɗa yana da ubangidansa, Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi yana fadar Sarkin Musulmi, kuma ci da sha da sutura da doki duk suna wuyan fada. Mamman Shata kuwa bai ɗaure kansa a ƙofar kowa ba, ya yi wa sarki, ya yi wa direba, ya yi wa ɗan kasuwa, har ya rasu a 1999. Bambancin da ke tsakanin ubangidan da da kamfanin yau babba ne. Sarki yana ɗaukar nauyin makaɗi, amma bai taɓa hana shi rera waƙarsa ba, bai kuma sayar da ita ga wani a bayan idonsa ba.

Mawaƙin Hausa na yau, kasuwarsa ta gida ba ta jiran kamfani. A 2020, lokacin kullen korona, waƙar Hamisu Breaker ta Jaruma ta mamaye wayoyi har matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyo suna taka wa mazajensu rawa, kuma ba wani kamfanin Legas ko na ƙetare da ya tallata ta. Haka "Warr" ta Ado Gwanja ta yi a 2022. Kuɗin mawaƙanmu daga biki suke fitowa, da taron siyasa, da fim, da YouTube. Wanda yake da wannan a hannu ya miƙa kashi 80 ga wani don a sanar da shi ga mutanen da suka riga suka san shi, ya yi asara.

Haɗarin da ya fi kusa da shi ma ba ya zuwa da takarda. Yana zuwa ne da "kada ka damu, ai mu 'yan'uwa ne". Yaro zai shiga situdiyo a Zoo Road da ke Kano, wani alhaji ya biya kuɗin kiɗa, mai fim ya ba shi ɗan abin da ya samu ya ɗauki waƙar, wani kuma ya ɗora ta a tasharsa ta YouTube, kuɗin talla su riƙa shiga asusun mai tashar shekara da shekaru. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ce miƙa haƙƙi ga wani ba ya tabbata sai a rubuce, kuma wannan kariya ce ga marubucin waƙa. Amma kariyar faifan da aka naɗa shekara 50 ce, kuma wanda ya ɗauki nauyin shirya naɗar yana da ƙafar tsayawa a kotu ya ce nasa ne. Kunyar neman a rubuta yarjejeniya da ubangida ta ci mawaƙa da yawa.

Inda kamfani ke da amfani ga ɗan Arewa shi ne ƙetare iyakar harshe da ta ƙasa. Mdou Moctar, Buzu mai kaɗa gita daga Nijar, waƙoƙinsa sun daɗe suna yawo daga waya zuwa waya a Sahel ba ya samun komai. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya a katin waya, ya sa ta a kundin da ƙaramin kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, ya nemo mai ita, suka yi aiki tare. Sai bayan ya yi suna yana zagaya Turai da Amurka ne ya shiga kamfanin Matador, wanda ya fitar masa da kundi a 2021. Mawaƙin Hausa Namenj kuma ya samu shiga kasuwar Legas ta hannun emPawa, shirin da Mr Eazi ya kafa a 2018 don tallafa wa sababbin mawaƙa. Burna Boy yana da nasa gidan, Spaceship, kuma da shi ya haɗa gwiwa da Atlantic har ya ci Grammy a 2021.

Saboda haka ra'ayin wannan shafi shi ne mawaƙi ya fara da kansa, ya tara masu sauraro a tashar da ke ɗauke da sunansa, ya yi rajistar waƙoƙinsa, ya san nawa suke kawowa a wata. Ranar da kamfani ya zo, ya ɗauki waƙar kamar gonar gado: a ba da haya na 'yan shekaru, a raba amfani, wa'adi ya cika ta koma hannun mai ita. A rubuta kundi nawa zai yi, a rubuta iyakar abin da za a kashe da sunansa, a ba shi damar duba littafin lissafi, sunansa kuma ya zama nasa ko ya tafi. Lauyan da zai karanta masa takardar ya zama nasa, ba wanda kamfani ya kawo ba.

Yawancin yaran da ake kawo wa irin wannan takarda ba su da kuɗin lauya, kuma da Turancin shari'a ake rubuta ta. Ƙungiyoyin mawaƙa da na 'yan fim a Kano da Kaduna suna iya ɗaukar lauya ɗaya ko biyu da suka san haƙƙin mallaka, su kuma fitar da samfurin yarjejeniya da Hausa, shafi biyu, wanda za a ajiye a kowane situdiyo a cike kafin a kunna makirufo. Manyan mawaƙan da suka riga suka yi gidaje da motoci za su iya biyan albashin lauyan na shekara da kuɗin wasan biki ɗaya.