Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya Kan Gyambon Ciki A Sansanonin 'Yan Gudun Hijira

Zuwa ga Mai Girma Farfesa Muhammad Ali Pate,

Ina neman izinin gabatar da wata mas'ala wadda, ko da yake ba ta da amo irin na kwalara ko ƙyanda, tana cin mutanenmu da rikici ya raba da gidajensu, na Borno da Zamfara, da baƙinmu na Kamaru da ke zaune a Ogoja da Binuwai da Taraba, watau gyambon ciki, wanda jama'a ke kira olsa.

Abin da ya shahara a bakin mutane shi ne yunwa da yawan tunani ke kawo olsa, kuma da yake ɗan gudun hijira ya tara duka biyun, sai aka ɗauki ciwon nasa tamkar wani ɓangare na ƙaddarar hijira, a ba shi farin maganin nan na ruwa, a ce ya rage yaji ya yi haƙuri. Alhali kuwa, kamar yadda Minista ya fi ni sani, tun 1982 likitoci biyu na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka gano cewa asalin mafi yawan wannan cuta wata ƙwaya ce mai suna Helicobacter pylori, wadda ke fitar da sinadarin da ke kashe kaifin ruwan tsamin ciki a kewayenta, ta samu mafaka a bangon tumbi shekara da shekaru. Kuma da malaman fannin suka ƙi gaskata su, sai Marshall ya kwankwaɗi ƙwayar da kansa a 1984, ya kamu, hujja ta tsaya, har aka ba su kyautar Nobel a 2005.

Galibi tun ana yara ake ɗaukar wannan ƙwaya, ta hanyar cunkoso da gurɓataccen ruwa da ƙarancin makewayi, waɗanda su ne siffofin kowane sansani. Wani babban nazari na 2017 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 88 cikin 100 na 'yan Nijeriya na ɗauke da ita. Lalle akasarinsu ba za su taɓa yin gyambo ba, don haka ba na kiran a bi kowa da magani. Amma wanda ya yi, in aka bar shi, yana iya wayar gari da bahaya baƙi ƙirin kamar kwalta, ko aman jini, kuma tun 1994 hukumar binciken sankara ta duniya ta lissafa ƙwayar cikin tabbatattun sabubban sankarar ciki.

To, ya Mai Girma, nan ne abin takaicin yake. Maganin ba gagarau ba ne: omeprazole da amoxicillin da clarithromycin, safe da yamma, kwana 14, ko kuwa haɗin nan mai guda huɗu da ke da bismuth a inda na farko ya gaza. Amma matar da ke awon garin tuwo da gwangwani ba za ta iya sayen na kwana 14 a kemis ba, sai ta sayi na kwana uku, zafin ƙirjin ya lafa, ta ajiye, bayan wata biyu ta ce olsarta ta tashi, ta jiƙa kanwa ta sha, ko ta karɓi ibuprofen daga mai talla saboda ciwon jiki, wanda shi kansa yana ƙwaƙule bangon ciki. Wannan rabin magani sharrinsa ya wuce kanta, domin da shi ƙwayar ke koyon bijirewa, kuma a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nau'in da ba ya jin clarithromycin cikin jerin ƙwayoyin da ake buƙatar sabon magani dominsu. Filajil kuwa, da muke sha a kan kowane gudawa, ya daɗe da rage ƙarfi a kanta.

Malaman usulu sun sanya kiyaye rai cikin laruran nan biyar da shari'a ta zo don tsare su, dokar ƙasa ma ba ta saɓa ba, tunda Dokar Lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, Nijeriya kuma ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta 2009 kan waɗanda aka raba da muhallinsu.

Roƙona shi ne a wadata asibitocin sha-ka-tafi da ke kusa da sansanoni da gwajin bahaya na gano ƙwayar, wanda ya fi na jini fa'ida saboda na jini ba ya bambance tsohuwar cuta da mai ci yanzu. A ba wanda aka tabbatar yana da ita cikakken magani a ƙunshi ɗaya, kyauta, a sake gwada shi bayan aƙalla mako huɗu da gamawa. Kuma a ba shi kati da zai bi shi duk inda aka mayar da shi, domin tun da aka fara rufe sansanonin Maiduguri a 2021, mutane da yawa sun koma garuruwan da likita ke da nisa. Allah Ya taimaki Minista, a sa wannan cikin kasafin shekara mai zuwa.

Haza wassalam,
Wani ɗan ƙasa mai fatan alheri.