Ribar Da Ba Ta Shiga Aljihu Ba

Yau maganarmu a kan kuɗin nan ne na intanet da ake kira kirifto, wanda samarinmu suka duƙufa a kansa, har ma da waɗansu alhazai a ɓoye. Abin da na lura da shi, kowa ya iya saye, amma ƙalilan ne suka iya sayarwa. Mutum zai duba waya ya ga naira dubu 100 da ya zuba ta zama dubu 300, sai ya ce bari ta kai miliyan. To malam, wannan dubu 300 ɗin ai lamba ce kawai a fuskar waya, ba ta sayen ko mudun masara sai ran da ka sayar.

Ku dubi Bitcoin, wanda shi ne babbansu. A watan Disamba na 2017 ya kusa dala 20,000, shekara na zagayowa ya dawo wajen dala 3,200. A Nuwamban 2021 ya hau kusan dala 69,000, a Nuwamban 2022 ya faɗo ƙasa da 16,000. Wanda ya ƙi sayarwa a sama sai da ya jira har Maris na 2024 kafin ya sake ganin wancan farashi. Shi ma ya yi sa'a, don nasa ya dawo. Masu riƙe da Luna fa? A Afrilun 2022 ya wuce dala 100, cikin Mayu ya zama ko kwabo bai kai ba, cikin 'yan kwanaki.

Na kusa da mu shi ne Pi. Shekara da shekaru mutanenmu na latsa waya suna tara shi. Da aka buɗe cinikinsa a Fabrairun 2025 ya kusa dala 3. Waɗansu suka sayar, suka biya kuɗin makaranta, suka ƙara jari. Waɗansu kuwa suka ce atafau sai ya kai dala 314,159, wai haka aka yi ittifaƙi. Kai jama'a! Wa zai saya a haka? Kafin Maris ya ƙare ya sauko ƙasa da dala 1.

Za a ce ai mu ma masu hatsi ajiya muke yi. Gaskiya ne. Amma ɗan kasuwar Dawanau da ya sayi gero da kaka ya san lokacin da zai buɗe sito, ya kuma san in damina ta faɗi dole a nemi abinci. Duk da haka ba ya jira sai sabo ya shigo, kuma ba ya fid da kaya rana ɗaya. Kirifto ba shi da kaka, ba shi da bazara, ba wanda yunwa za ta tilasta wa sayensa. Farashinsa na hawa ne muddin masu shigowa da kuɗi sun fi masu fita, kuma manyan da suka saya da arha, a lokacin hayaniyar nan suke sauke wa 'yan baya kayansu.

Shawarata, ranar da ka saya, ranar za ka rubuta farashin da za ka sayar, tun zuciya na kwance. In ya ninka, sayar da rabi ka zare uwar kuɗinka. Sauran ka kasa shi uku ko huɗu, kowane kashi da farashinsa. Manhajojin cinikin suna da wurin da za ka ajiye umarni, da farashi ya kai su sayar ko kana barci, don haka ba sai ka yi kokawa da haɗama da tsakar dare ba. Ka sa iyaka ta ƙasa ma. Lissafin ba wuya: abin da ya faɗi da kashi 80 cikin 100, sai ya ninka sau 5 kafin ka koma inda ka taso.

I, wata rana za ka sayar ya ci gaba da hawa, abokai su yi maka dariya. Bar su. Ribar da ka cire kuma kada ka mayar da ita gobe cikin wani sabon kwabo da aka yi maka talla a WhatsApp. Mai da ita naira, ka sayi buhu ko tunkiya.