Wa Ke Da Alhakin Makabarta?

Jama'a, ku dubi tsofaffin makabartun ƙasar Karaye da Rogo, inda waɗanda suka sari daji suka kafa garuruwa irin su Kafin Dafga ke kwance. In damina ta rufta kabari, wa ke cike shi? Talaka ne da fartanyarsa, ran gayya. Shi ke shingen ƙaya, shi ke tsare iyaka kada mai gona ya ci.

Alhali kuwa Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora kula da makabarta a wuyan ƙaramar hukuma. An kafa masarautar Karaye a 2019, an rushe ta a 2024, an sāke kafawa. Ashe in manya na so, aiki ba ya jinkiri! To, a auna filin kowace makabarta, a rubuta, a ba masu gayya bulo da siminti.